Yadda Ake Fitar da Renda Mai Kyau da Ƙaramar Kwamfuta a Zafin Sakkwato

Duk wanda ya taɓa gina gida a cikin kwamfuta, ya jera bango da ƙofofi da kujeru har idonsa ya gaji, ya san cewa aikin bai zama abin nunawa ba sai an yi masa renda, wato sai kwamfuta ta lissafa yadda haske zai sauka a kan kowane abu, ta mayar da ginin hoto. A wannan gaɓa ce mafi yawan matasanmu masu wannan sana'a suke karaya, domin sukan ga hotunan da ake fitarwa a wasu ƙasashe, su dubi laftof ɗin da ke gabansu, su yanke hukunci cewa laifin na'ura ne. Na daɗe ina yi wa masu zanen gine-gine da masu tallar kaya irin wannan aiki a nan Sakkwato, kuma abin da na tabbatar shi ne, yawancin sa'o'in da muke ƙonawa ba ƙarancin ƙarfin kwamfuta ne yake cinye su ba, rashin lissafi ne kafin a danna maɓalli. Zan yi bayani da misali guda: wani Alhaji yana son gina gida a unguwar Arkilla, da zaure irin na gargajiya a gaba, ya nemi hotuna biyu da bidiyo na daƙiƙa 30 da zai nuna wa iyalinsa.

Kafin komai, ya kamata ka san abin da injin renda yake yi, domin wanda bai san wannan ba zai yi ta murɗa ma'aunai a makance. Injinan iri biyu ne. Na farko yana bin sawun haske: daga kowane ɗigon hoto yana harba zare zuwa cikin ginin, zaren ya bugi bango, ya karkata ya bugi ƙasa, ya sake karkata har ya iske rana ko fitila, sannan a tattara abin da ya ɗebo a ba ɗigon launi. James Kajiya ne ya shimfiɗa lissafin wannan hanya a 1986, kuma a kanta Cycles da Arnold da Corona da Octane suke tafiya. Kowane harbi guda shi ake kira samfur. Idan samfur ya yi kaɗan, hoton yakan fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Ga kuma ƙa'idar da nake so ka riƙe da kyau: idan kana son tsakin ya ragu da rabi, sai ka ninka samfur sau huɗu, ba sau biyu ba. Saboda haka tashi daga 100 zuwa 400 yana canza hoto sosai, amma tashi daga 1000 zuwa 2000 yana ninka maka lokaci a kan bambancin da ido da ƙyar zai gani. Iri na biyu shi ne wanda wasannin kwamfuta suke amfani da shi. Ba ya bin kowane zare zuwa ƙarshe, dabaru yake yi don ya kwaikwayi sakamakon cikin ƙiftawar ido. Eevee da Unreal Engine da Twinmotion da Lumion suna cikin wannan dangi.

Game da manhaja, ba zan ɓoye ra'ayina ba: mai farawa a garinmu ya kama Blender. Kyauta ce ta halal tun 2002, lokacin da masu amfani da ita suka yi karo-karo na kuɗin Turai har Yuro dubu 100 aka fanshe ta, ƙarƙashin jagorancin mai ƙirƙirarta Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan. Tana ɗauke da injina biyu a ciki, Cycles da ya shigo a 2011 da Eevee da ya zo da siga ta 2.80 a 2019, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. V-Ray da Corona na kamfanin Chaos, da Arnold na Autodesk, da Redshift na Maxon, dukkansu injina ne nagari, kuma idan ofishin da kake yi wa aiki yana kan 3ds Max ko SketchUp dole ka koyi wanda suke amfani da shi. Sai dai kuɗinsu na wata-wata ne ko na shekara, da kuɗin waje, abin da yake tura mutane ga kwafin sata, wanda ba ya ga kasancewarsa haƙƙin wani, yakan shigo da ƙwayar cuta ya lalata aikin wata guda. Wanda kuma yake raina Eevee ya sani cewa fim ɗin zane na ƙasar Latbiya da ya ci lambar Oscar a 2025 da Blender aka yi shi, kuma Eevee ce ta fitar da hotunansa. A aikin Alhaji, ni Cycles zan ba hotuna biyun, bidiyon kuwa sai lissafi ya nuna.

Matakin farko a cikin Blender shi ne ka tabbatar katin hoto, wato GPU, ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hotuna, shi ne yake aikin, ba furosesa ba, wato babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ka shiga Preferences, ka buɗe System, ka zaɓi OptiX idan katinka Nvidia ne na jerin RTX, CUDA idan tsohon Nvidia ne, HIP ga katin AMD, oneAPI ga na Intel, Metal ga kwamfutar Apple. Wannan kaɗai bai isa ba, sai ka koma shafin renda ka mayar da Device zuwa GPU Compute. Na sha ganin wanda ya sayi laftof mai kati mai kyau ya yi watanni yana renda da furosesa saboda ya manta wannan mataki na biyu. Daga nan ka duba girman ginin. Haske a Cycles yana bin ma'aunin gaskiya, don haka ƙofa ta zama kusan mita 2, ba mita 20 ba, kuma duk abin da ka ƙara wa girma ko ka rage, ka danna Ctrl da A ka tabbatar masa da sabon ma'auninsa. Bango kuma ya kasance da kauri, domin bango mai sirantar takarda yana zubar da haske ta kusurwa, musamman a Eevee.

Haske shi ne wurin da nake so mu daɗe, domin shi ne yake raba hoton da ya yi kama da Sakkwato da wanda ya yi kama da wani gari a Turai. Yawancinmu mukan sauke hoton sararin sama kyauta daga shafin intanet na Poly Haven, irin hoton da ake kira HDRI, mu lulluɓe ginin da shi. Abu ne mai amfani, amma mafi yawan waɗannan hotuna an ɗauke su ne a ƙasashen da rana take rusunawa, inuwa ta yi tsawo, sama ta yi shuɗi mai duhu. Sakkwato tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta rana takan tsaya a tsakar ka da azahar, har mutum ya taka inuwarsa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ranar tsaka tana ɗan karkata arewa ne, sauran shekara kuma tana kudu, inda a Disamba ba ta wuce tsayin digiri 54 ba. Wannan ba ilimin ado ba ne. Idan zauren Alhaji yana fuskantar kudu, to da hunturu rana za ta shiga bakin ƙofarsa, da damina kuwa zai kasance cikin inuwa, kuma mai gida yana da haƙƙin ya ga haka kafin a zuba siminti. Akwai ƙarin kayan aiki mai suna Sun Position da za ka ɗora wa Blender, ka rubuta masa 13.06 na arewa da 5.24 na gabas, ka sa agogon Najeriya da ke gaba da na Girinwic da awa 1, ka zaɓi wata da sa'a, shi kuma ya ajiye maka rana inda take da gaske. Za ka lura cewa rana ba ta kai ƙololuwa a ƙarfe 12 daidai, sai wajen 12 da minti 40, saboda muna can yammacin ƙasa.

Ga hoton waje, ka guji tsakar rana, domin haske daga sama kai tsaye yana shafe zanen bango, zankwaye su rasa inuwa, ginin ya zama kamar kwali. Hantsi ko bayan la'asar sakaliya su ne suke fito da dagi da sauran zanen da magina suke yi a goshin zaure, saboda hasken yana zuwa ta gefe yana shafar bangon. Fitilar rana tana da ma'aunin kusurwa wanda asalinsa digiri 0.526 ne, faɗin ranar gaskiya a sama, kuma shi yake ba da inuwa mai kaifi irin ta bazara. Idan hazon hunturu kake so, ka ɗaga wannan kusurwa zuwa digiri 5 ko fiye don inuwa ta yi laushi, ka rage ƙarfin ranar, ka ƙara ƙura a Sky Texture har sama ta koma fari-fari mai ratsin ƙasa. Kada ka cika filin da hazo na gaske ta hanyar Volume Scatter sai in kana da lokacin zubarwa, domin yana ninka nauyin renda. Ka kunna Mist a jerin abubuwan da injin zai fitar, ka gauraya shi da launin ƙura a Compositor, sashen Blender da ake gyara hoto bayan renda, ka sami hazon da yake ƙaruwa da nisa ba tare da ka ƙara ko daƙiƙa goma ba.

Cikin zaure ya fi wuya, kuma a nan ne tsaki yake taruwa, saboda ɗaki ne mai duhu da hasken yake shiga ta ƙofa guda da 'yar taga. Zarurrukan da injin yake harbawa suna yawo a bango da yawa kafin kaɗan daga cikinsu su dace da hanyar fita. Maganin farko shi ne ka ɗora fitila mai faɗi a bakin ƙofar da tagar, daidai girmansu, tana fuskantar ciki, ka danna mata Portal. Ba ta ba da haske da kanta, tana nuna wa injin inda hasken sama yake shigowa ne. Na biyu, idan ɗakin ya yi duhu kada ka ƙara wa rana ƙarfi, ka ɗaga Exposure kamar yadda mai ɗaukar hoto yake buɗe kyamara. Na uku, ka bar View Transform, ma'aunin da yake tsara yadda haske zai bayyana a allo, a kan AgX, wanda ya zama na asali tun siga ta 4.0, ko Filmic a tsofaffin sigogi, domin Standard yana ƙona bakin ƙofa ya zama fari fat. In kana shakka, ka juya zuwa False Color na ɗan lokaci, duk inda ya yi ja ya kusa ƙonewa. Kyamara kuma ka ajiye ta a tsayin ido, kusan mita 1.6, da madubin kyamarar, wato lens, tsakanin milimita 24 da 35, kuma kada ka ɗaga kanta sama don ka kama azara da ɗaurin guga, domin bango zai karkace. Ka yi amfani da ma'aunin Shift Y da ke cikin saitin kyamara, layuka su tsaya a miƙe.

A kan fatar abubuwa, wato launi da santsin da ake lulluɓa wa kowane abu, kayan aikin Blender mai suna Principled BSDF ya wadatar da kusan komai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne launi mai tsanani. Babu farin fenti a duniya da yake mayar da dukkan hasken da ya same shi, don haka farin bango ya tsaya wajen 0.8, baƙi kuma kada ya sauka zuwa sifili. Farin da ya kai 1 yana sa haske ya yi ta kai da komo a ɗaki, hoton ya dushe, lokaci ya ƙaru. Metallic, ma'aunin da yake nuna ko abu ƙarfe ne, ko dai 0 ko 1, babu tsaka-tsaki sai a wurin tsatsa ko ƙura. Duk hoton da ba na launi ba ne, kamar na kaushi ko na tudu da kwari, ka mayar da shi Non-Color, in ba haka ba santsin zai fito ba daidai ba. Bangon ƙasa da aka shafe da makuba ba za ka same shi a rumbunan waje yadda yake a nan ba. Ka fita da wayarka da sassafe kafin rana ta buge shi, ko ranar da hazo ya rufe, ka tsaya daidai gabansa ka ɗauka, domin hoton da yake da inuwa a cikinsa zai yi faɗa da ranar da ka kafa. Ka ba shi kaushi, wato Roughness, wajen 0.9, ka ɗan duhunta gindinsa inda ruwan damina yake fantsama, ka bar sawun hannun magini ya fito. Tumtum na fata da za ka ajiye a zauren, irin wanda dukawanmu suke ɗinkawa da jar fatar akuya, yana son kaushi wajen 0.45, da ɗan ƙarin sheƙi a saman da ake zama, inda jiki ya goge shi. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa mai gida ya yi shiru yana kallo.

Sai ka kula da cikin katinka, wato ƙwaƙwalwar ajiyarsa. Hoton fata mai ɗigo 4096 a kowane gefe yana cin kusan megabait 64, mai 8192 yana cin 256, mai 2048 kuwa 16 kacal. Katin da yake da gigabait 4 ko 6 yana cika nan da nan, renda ta tsaya. Abin da yake nesa da kyamara bai cancanci fiye da 1024 ba, kuma akwai Simplify da yake daddatse girman dukkan hotunan a lokaci guda. Itatuwan darbejiya goma da za ka jera a bakin titi ka kwafe su da Alt da D maimakon Shift da D, domin su zama itace guda a ƙwaƙwalwar kati.

Yanzu ga ma'aunan samfur. Blender tana zuwa da 4096 a matsayin iyaka da 0.01 a Noise Threshold, kuma wannan ya fi ƙarfin buƙatar yawancin ayyukanmu. Noise Threshold yana sa injin ya daina wahala a kan ɗigon da ya riga ya tsabtata, kamar sarari, ya mayar da ƙarfinsa ga lungunan duhu. Ni nakan fara da samfur 256 da 0.03 ga hoton waje, 512 zuwa 1024 da 0.02 ga cikin ɗaki, sannan in kunna Denoise, wato mai tace tsaki, da OpenImageDenoise na Intel, in bar shi yana karanta Albedo da Normal, wato asalin launin abu da siffar fuskarsa, don kada ya shafe zanen tabarma tare da tsakin. Idan fararen ɗigo masu tartsatsi suka bayyana, ka rage Clamp Indirect daga 10 zuwa wajen 3, ka kashe Caustics guda biyun, wato walƙiyar hasken da yake ratsa gilashi ko ruwa ko yake dawowa daga abu mai sheƙi, in babu ruwa ko gilashin da yake buƙatarsu. Yawan karkatar haske kuma, wanda yake kan 12, ana iya sauke shi zuwa 6 a waje, amma a ɗaki mai labule da gilashi kada ka matse shi, gilashin zai yi baƙi. Duk gwaji ka yi shi a rabin girma, wanda yake kashi ɗaya cikin huɗu ne na ɗigon, ko ka ja akwati da Ctrl da B a kan lungun da ya fi duhu ka gwada shi kaɗai.

Kafin ka karɓi kuɗin bidiyo, ka ɗauki biro. Bidiyo jerin hotuna ne, kowanne ana kiransa firam, don haka daƙiƙa 30 a kan firam 24 kowace daƙiƙa firam 720 ke nan. Idan kowane firam yana cin minti 2, kana buƙatar awa 24 cur na wuta ba yankewa. Idan ka sauke shi zuwa daƙiƙa 20, awa 4 ce. Wannan lissafi shi zai gaya maka ko Cycles za ka yi ko Eevee, ko 1920 da 1080 ko ƙasa da haka. Kada ka yarda da 4K don an ce ya fi, ɗigonsa ya ninka na 1080 sau huɗu, kuma Alhaji a waya zai kalla. Ka gwada firam uku, na farko da na tsakiya da wanda ya fi cunkoso, ka yi lissafi da mafi nauyinsu. Ka kunna Persistent Data don kada injin ya sake loda ginin a kowane firam. Ka sani kuma cewa mai tace tsaki yana duban kowane firam shi kaɗai, don haka idan samfur ya yi kaɗan bango zai riƙa rawa a bidiyo ko da kowane hoto ya yi kyau a tsaye. Ka fitar da firam 30 a jere ka kalla kafin ka saki sauran.

Abin da na koya da ciwo shi ne kada a taɓa fitar da renda kai tsaye zuwa fayil ɗin bidiyo. Wata rana da bazara na bar aiki yana tafiya tun bayan isha'i, aka ɗauke wuta gab da asuba, batirin ya mutu saura firam kaɗan, fayil ɗin ya ƙi buɗewa, daren ya tafi a banza kuma ranar ce na yi alkawarin kai aiki. Tun daga nan hotuna nake fitarwa ɗaya-ɗaya cikin folda, PNG ga aikin yau da kullum, OpenEXR idan zan gyara haske da launi daga baya. Idan wuta ta yanke, ka goge firam na ƙarshe don wataƙila bai kammala ba, ka cire alamar Overwrite, ka sake dannawa, Blender za ta tsallake waɗanda suka fita ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da wannan dabara, tare da kunna Placeholders, wanda yake ajiye alama a kan firam ɗin da ake cikin yi, kai da abokinka kuna iya raba aiki guda tsakanin kwamfuta biyu da suke rubutu a folda ɗaya. Haɗa hotunan su zama bidiyo a Video Sequencer aikin mintuna ne. Akwai kuma SheepIt, inda masu Blender suke ara wa juna ƙarfin kwamfuta kyauta ta intanet, sai dai fayil ɗinka zai bi ta na'urorin baƙi, saboda haka kada ka tura zanen gidan mutum ba da izininsa ba.

Zafi ma yana cikin lissafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da garin yake haura digiri 40, katin hoto yana kaiwa digiri 80 da wani abu cikin 'yan mintuna, daga nan ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, firam ɗin da ya ci minti 1 da safe ya koma cin fiye da haka da azahar. Ka yi manyan renda da dare. Ka ɗaga bayan laftof daga tebur, kada ka ɗora shi a katifa ko darduma, ka juya masa fanka. Bayan kowane hunturu a buɗe shi a busa ƙurar da ta toshe fankarsa, domin ƙurarmu laushi gare ta kamar gari kuma tana shiga ko'ina. Kada ka yi renda a kan batir, laftof yana rage wa kati ƙarfi da zarar an zare caja, kuma in janareto ne ko inbata, ka sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Idan hotunan sun fito, ka tura su wayarka ka duba su a waje cikin haske kafin kowa ya gani, domin lungun zauren da yake bayyane a allon kwamfuta cikin ɗaki yakan zama baƙi ƙirin a waya. In za a buga a takardar A3, ka fitar da 4961 da 3508. Wajen aikawa ta WhatsApp kuma ka tura a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don kada a matse shi zanen makubar ya narke. Sannan idan ka je gaban mai gida, ka riƙe hoto biyu na zauren, ɗaya na la'asar ɗin Disamba ɗaya na la'asar ɗin Yuni, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ga inda inuwa za ta kasance lokacin da za ka zauna da baƙi," ka bar shi ya zaɓi inda za a sa dakali.